Isnadin Kayan Tarihi: Hoton Dijital da Matsalar Illo

Duk abin da ke cikin akwatin gilashi a gidan tarihi yana da kati, kuma yawancin katunan da aka rubuta a zamanin mulkin mallaka ba su wuce layi uku ko huɗu ba: sunan abin, ƙabilar da aka jingina shi gare ta, Baturen da ya kawo shi, da shekarar da ya shiga rajista. Wanda ya ƙera shi, wanda ya saya, hannun da ya gyara shi da ya tsage, da yadda aka yi ya bar gidan masu shi, ba kasafai suke samun gurbi ba. A 1986 Igor Kopytoff ya kawo shawarar a riƙa yi wa kaya irin tambayoyin da ake yi wa mutum idan za a rubuta tarihin rayuwarsa: ina aka haife shi, wane matsayi ya taka a kowane zango, me ya same shi da ya tsufa. Shawarar ta karɓu a wurin masana kufai da ma'aikatan gidajen tarihi, sai dai ta daɗe tana jiran kayan aiki. Yanzu da gidajen tarihin Turai da Amurka suke zuba dubban hotunan kayansu a intanet, mutane da yawa sun ɗauka jiran ya ƙare.

Abin da nake son kafawa a nan shi ne, aikin hoton dijital gwadawa ne: a ɗora wannan a kan wancan a ga ko sun dace. Gwadawa kuwa sai da abu biyu. Saboda haka gari irin Illo ba zai ci moriyar waɗannan hotuna ba har sai an samu abin gwadawa a gida, kuma samar da shi aikinmu ne, ba na Landan ko Barlin ba.

Na zaɓi Illo ne saboda wuyar sha'aninta. Garin yana Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a ƙetaren Kogin Kwara, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. A riwayar Kisra, wadda ke bayanin asalin sarakunan yankin, Illo na cikin manyan gidajen sarautar Bargu uku, tare da Busa da Nikki. A harkar fatauci kuma mashiga ce. Ayarin da ke tasowa daga ƙasar Hausa su bi ta Jega zuwa Gwanja neman goro, da yawansu a wannan yanki suke haye kogi, su miƙa ta Kandi da Jugu har Salaga, kamar yadda Paul Lovejoy ya bi diddigi a littafinsa na 1980 kan fataucin goro. Gishirin Foga na gangarowa daga arewa. Busawa, Kyangawa, Dandawa, Zabarmawa, Fulani da Hausawa duk kasuwa ɗaya suke ci. A irin wannan wuri, rigar da ke jikin mutum tana iya zama saƙar Nufe, rinin Kano, ɗinkin wani malami a Gwandu, amma a Illo ta yi rayuwarta, a nan ta koɗe, a nan aka yi mata maho. Katin da ke da gurbin ƙabila ɗaya tak ba shi da inda zai sa wannan.

Sai kuma iyaka ta zo. A 1894 Lugard da Decoeur suka yi tseren zuwa Nikki neman yarjejeniya, ɗaya don Ingila, ɗaya don Faransa. A 1897 sojojin Faransa suka kafa sansani a Illo da Busa. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Faris ranar 14 ga Yuni 1898 ta raba Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, kuma aka rubuta cewa layin zai taɓa gaɓar Kwara mil 10 sama da Giris, tashar jiragen ruwan Illo. A farkon ƙarni na 20 Ingilishi suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da Masarautar Gwandu, inda take har yau. Wato cikin shekaru kaɗan sunan da Bature zai rubuta in ya sayi abu a kasuwar garin ya sauya sau da yawa.

A ƙaddara maƙeri ɗaya a Illo ya ƙera likkafa uku a wata guda. Ta farko ta shiga hannun Bajamushe matafiyi, irin Eduard Robert Flegel da ya hau Kwara har Gomba a 1880 kafin ya wuce Sakkwato, wanda kayan da ya tara a tafiye-tafiyensa suke Barlin. Ta biyu hafsan Faransa ya tafi da ita. Ta uku wani jami'in Ingila ya kai ta gida bayan ya yi ritaya, jikokinsa suka ba gidan tarihin garinsu. A Barlin za a iya rubuta ta Hausa, a Faris Bariba ko Dahomey ta Arewa, a Ingila Lardin Sakkwato ko Nijeriya ta Arewa kawai. Duk wanda ya rubuta Illo a akwatin nema na waɗannan rumbuna ba zai ga ko ɗaya daga cikin ukun ba. Abin da zai iya haɗa su shi ne sawun guduma da zarto, da yadda maƙerin ke naɗe bakin ƙarfe, kuma waɗannan ido ne ke ganinsu, ba rubutu ba. A nan hoto ya shigo.

Amma wane irin hoto? Yawancin abin da ake ɗorawa a intanet hoton ado ne: fuskar abu, haske mai laushi, bango fari. Tarihin rayuwar abu kuwa a bayansa da gindinsa yake. Can ake samun tsohuwar lambar da aka rubuta da tawada aka soke, da guntun takardar ɗan gwanjo, da zaren da aka ɗaura alama da shi. Lambobin ma magana suke yi ga wanda ya iya karatunsu. A Barlin kayan Afirka ta Yamma suna farawa da III C. A British Museum suna farawa da Af, galibi sai shekarar shigowa ta biyo baya. A Quai Branly, wanda aka buɗe a 2006, lambar da ta fara da 71 tana nuna abin ya fito daga tsohon Musée de l'Homme. Wani kaso na kayan Barlin ma an kwashe shi zuwa Leningrad bayan 1945, daga baya aka kai Leipzig, sai bayan haɗewar Jamus a 1990 ya koma Barlin, kuma a irin wannan yawo alamomi kan ɓace. Hoton da bai nuna waɗannan ba ya bar rabin shaida a ɗakin ajiya.

Akwai wani tsohon misali daga Bargu kanta. Matafiyin Bature Mungo Park ya mutu a Busa a 1806. Da Richard Lander da ƙanensa John suka isa garin a 1830 suna neman takardunsa, aka fito musu da wani littafin lissafi na masu tuƙin jirgin ruwa da wani mutum ya adana shekara 24. Littafin bugu ne, irinsa na da yawa a Ingila, don haka shi kansa bai tabbatar da komai ba. Abin da ya tabbatar da mai shi 'yan takardu ne da suka maƙale tsakanin shafuka, cikinsu har da wasiƙar gayyatar cin abinci da aka aika wa Park a Landan a 1804. Mai ɗaukar hoton ado da ya zare wannan takarda ya ajiye gefe don bangon littafin ya fito da kyau.

A ɗauki babbar riga, wadda ita ce aka fi samu daga ƙasashenmu a gidajen tarihin waje. Daga nesa, aska takwas aska takwas ce. Idan kyamara ta matso, sai abubuwa su fara rabuwa. Ana iya auna faɗin kowane ƙyalle siriri da masaƙi ya saƙa kafin a harhaɗa, a ƙirga zare nawa ne a santimita ɗaya, a ga ko zaren kaɗin mazari ne mai kauri nan da siranta can, ko na inji ne mai tafiya daidai. Ana iya bambance tsamiya da alharini, a ga inda mai ɗinki na biyu ya karɓi allura daga na farko a tsakiyar aljihu, domin taƙin allurarsu ba ɗaya ba ne. Shafin da ke cikin gindin rigar, wanda ba a gani sai an kifa ta, sau da yawa yadin waje ne, kuma yadin waje yana da zamanin da ya shigo kasuwa. Colleen Kriger ta yi irin wannan awo da hannu a kan rigunan Daular Usmaniyya da ke gidajen tarihin Turai, tana bin su gida-gida. Abin da hoto mai ƙarfi ya ƙara shi ne, ɗalibi a Sakkwato ko Zariya zai iya jera riguna hamsin daga birane goma a allo ɗaya, muddin an ɗauke su da ma'auni a gefe.

Wuri ma haka. Wanda aka yi wa kayan doki ko rigar layu ado da shi iri biyu ne: ƙaramin da ke fitowa daga tsibiran Maldib, da mai zoben rawaya a gadon baya, wanda 'yan kasuwar Hambug suka fara jigilarsa da yawa daga Zanzibar zuwa Afirka ta Yamma a tsakiyar ƙarni na 19. Ganin na biyun da yawa a jikin abu alama ce ta zamani, ko da yake ba hukunci ba ce. Ga kuma yadda aka fasa bayan wurin don a zura zare, ko gogawa aka yi a dutse ko sarewa, da yadda bakin ramin ya sulɓe saboda daɗewar amfani.

Dabaru biyu ne suka fi dacewa da irin wannan duba. Ta farko, wadda masana ke taƙaita sunanta da RTI, an samo ta ne daga aikin Tom Malzbender a ɗakin binciken kamfanin HP a 2001: a kafe kyamara wuri ɗaya, a riƙa zagayawa da fitila ana ɗauka, sannan kwamfuta ta haɗa hotunan yadda mai kallo zai iya karkata hasken duk inda ya so. Zanen da ya shafe a jikin ƙwarya ko rubutun da ya dushe a ruwan takobi sai ya taso. Ta biyu ita ce fotogirametiri: a zagaye abu ana ɗaukarsa ta kowace kusurwa, kowane hoto ya ɗan hau kan na bayansa, manhaja ta gina siffarsa ta 3D da za a iya juyawa a auna. Wayar hannu mai kyau tana iya wannan, in an samu inuwa da haƙuri.

Mafi bayyanar nasara da wannan dabara ta samu a Nijeriya ta faru ne a Jihar Kuros Riba. Philip Allison, ma'aikacin gandun daji, ya zagaya ƙasar Bakor a 1961 da 1962 yana ɗaukar hoton sassaƙaƙƙun duwatsun nan na yankin Ikom, kusan 300, ya buga littafi a 1968. Bayan yaƙin basasa aka yi ta satar su. Shekaru da yawa bayan haka, Factum Foundation ta Madrid, tare da Jami'ar Kalaba, ta koma wuraren tana ɗaukar siffar abin da ya rage. A Ntitogo aka samu gindin wani dutse da aka fille. A gidan tarihi na Metropolitan da ke New York akwai saman wani dutse marar gindi. Da aka ɗauki siffar kowanne aka haɗa a kwamfuta, sai karayar ta zauna daidai, ga kuma hoton Allison yana nuna dutsen a tsaye cikakke. A lura da abin da ya sa wannan ya yiwu. Manhajar ba ta san Ntitogo ba. Wani ne ya ɗauki hoto kafin sata, kuma wani ya je ya auna guntun da ya rage a ƙasa.

Ana yawan kawo rumbun intanet na Digital Benin a matsayin abin koyi, kuma ya cancanta. Da aka buɗe shi a Nuwamban 2022 ya tattara bayanin kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, ya sa musu sunayensu na harshen Edo. (Wannan Masarautar Bini ce ta Jihar Edo, ba maƙwabciyar Illo ba.) Sai dai kayan Bini suna da gata biyu: salon da ko daga nesa ake gane shi, da kuma rana sananniya, wato harin Ingilishi na 1897, wanda daga gare shi ake bin sawun yawancinsu. Kayan mashiga irin Illo ba su da ko ɗaya. Sun fita ne ɗai-ɗai, wani ciniki, wani kyauta, wani ƙwace, kuma kamanninsu ɗaya da na Gaya da Kandi da Yawuri. Wanda ya kwaikwayi tsarin Bini kai tsaye zai buɗe rumbu mai kyau da babu abin zubawa a ciki.

Malaman hadisi sun daɗe da bambance matani da isnadi, kuma bambancin ya dace da wannan magana. Jikin abu shi ne matani, hoto kuma gwanin karanta shi ne. Isnadi, wato wane ya karɓa daga wane, yana cikin rajista da wasiƙu da bakunan dattawa. Matani mai kyau ba ya gyara isnadin da ya yanke. Mutum-mutumin yumɓu da kasuwar duniya ke kira na Sakkwato da na Katsina sun isa hujja. Sun fito ne ta hannun masu haƙar ɓoye, ba a rubuta ramin da aka tono su ba, balle abin da ke kwance kusa da su. Haka na Bura a Nijar, waɗanda Boubé Gado ya haƙa wurinsu bisa ƙa'ida a 1983, amma da suka yi suna aka far wa sauran kufan. Dukansu suna cikin jerin kayan da ke cikin haɗari da hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar a 2000. A wannan shekarar Louvre ta baje biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato, aka yi ta cece-kuce, har Faransa ta amince a 2002 cewa na Nijeriya ne, ta riƙe su aro na shekara 25. Gwajin zafi na iya faɗin kusan lokacin da aka gasa yumɓun. Na'urar hoton asibiti na iya tona asirin wanda aka harhaɗa daga guntaye daban-daban. Babu na'urar da za ta faɗi sunan ƙauyen.

To, me ake da shi na gwadawa a wajen Illo? Akwai fiye da yadda ake zato, sai dai a warwatse yake. Tsakanin 2011 da 2015 tawagar Anne Haour ta Jami'ar East Anglia, tare da masanan Jami'ar Abomey-Calavi, ta yi aiki a Dandin Benin, ta haƙa Birnin Lafiya da ke sama da Malanville, ta samu gidaje masu daɓen tsingaro da tukwane da wuri a cikin ƙasar da aka san shekarunta. Olivier Gosselain na wannan tawaga ya bi marina da masaƙa da magina yana tambaya. Wannan ma'auni ne da aka riga aka kafa a ƙetaren layin 1898, kan mutane ɗaya da kogi ɗaya. Daga kudu akwai abin da aka ceto kafin ruwan madatsar Kainji ya shanye tsohuwar Busa a 1968, da tambura da masun da fadar Busa ke dangantawa da Kisra. Daga arewa akwai Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, wanda fada ce har 1942, aka buɗe shi a 1958. A tsakiyar waɗannan duka ga kayan da ke hannun gidajen sarauta da maƙera da masunta na Illo da Giris da Lolo, waɗanda ba a kira su kayan tarihi saboda har yanzu suna aiki. Su ne gindin dutsen da ya rage a ƙasa, kuma su ya kamata a fara ɗauka: gaba, baya, gindi, wurin gyara, da ma'auni a gefe, sannan a rubuta sunan abin da harshen mai shi, da wanda ya gada daga gare shi. Ƙa'idar Object ID da aka fitar a 1997 ta isa mafari, takarda ɗaya ce. Wanda ke ganin wannan ƙaramin aiki ne ya tuna cewa a 2023 British Museum ta bayyana ɓacewa ko lalacewar kaya kusan 2,000, kuma abin da ya wahalar da nemansu shi ne da yawa ba a yi musu cikakkiyar rajista ba.

Akwai masu ja, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Hoton da ke taimakon mai bincike shi ne ke nuna wa ɓarawo abin da ke ɗakin wane. Akwai kuma abin da masu shi ba sa yarda kowa ya gani, ko sai a ranarsa, ko sai wanda ya gada. Wasu kayan kuma jikokin masu su ba sa son a tuna musu da su tun da gidan ya musulunta. A ganina amsar ita ce a raba ɗauka da yaɗawa. A ɗauka, kwafi ya zauna a hannun mai abin, wani a jami'a ko Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa bisa rubutaccen sharaɗi, kuma mai abin ne zai ce wannan a nuna, wannan a rufe. Wanda ya ƙi ɗaukar ma gaba ɗaya, haƙƙinsa ne. Jan da ya fi damuna shi ne wannan: kada hoto ya zama abin da za a ba mu a madadin kayan. Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 na fadar Abomey a Nuwamban 2021, Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar tagullan Bini sama da 1,000 a 2022, kuma a duka biyun isnadi ne ya yi aiki. Siffar 3D hanyar kafa hujja ce, kuma duk yarjejeniyar da za a ƙulla da gidan tarihin waje ya kamata ta faɗi haka ɓaro-ɓaro.

Hotunan waje ma sai sun zo gida za su yi magana. Paul Basu ya gwada wannan da hotunan da Northcote Thomas ya ɗauka a kudancin Nijeriya da Saliyo tsakanin 1909 da 1915: ya mayar da su garuruwan da aka ɗauke su, mutane suka riƙa gane wurare da zuri'a da sunayen abubuwa. Babu abin da zai hana a buga hotunan likkafa da linzami da kwari da homa daga Barlin da Faris a kan takarda, a zauna da su a zauren maƙera a Illo, a kuma haye da su Madekali da Gaya, tunda dangin maƙeran suna can.

Wajen roƙon hotunan kuwa, kada a nemi abin da aka rubuta wa Illo kawai. A nemi ta sunan mai tarawa da hanyar da ya bi: duk abin da Flegel ya kawo daga tafiyar 1880 zuwa 1881, duk abin da ya shigo ta hannun hafsoshin da suka zauna a sansanonin Bargu a 1897 da 1898, da na jami'an lardunan Bargu da Kwantagora da Sakkwato. A nemi tsofaffin rubutun sunayen, Ilo da Gere da Guiris da Gomba. Kuma tare da kowane abu a nemi hoton katinsa gaba da baya, da shafin rajistar da aka fara shigar da shi, domin layin da ke sama da wanda ke ƙasa sau da yawa kayan da suka zo a akwati ɗaya ne.